Mangalar Kawu

Kwana uku na yi ina yawon neman mangala a cikin garin Filinge, ban samu ba. Na shiga kasuwa na tambayi dukawa, na tambayi masu igiya da tabarmi, na je har inda ake ɗaure jakuna. Wani saurayi mai amalanke ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, mi a mangala?" Sai da na tsaya na yi masa bayani kamar baƙo, cewa jaka ce mai aljihu biyu da ake ɗora wa jaki, ɗaya ya sauka ta dama, ɗaya ta hagu. Ya yi dariya ya ce wa zai wahalar da kansa yanzu, ga amalanke, ga moto, wato babur, mai ɗaukar buhu biyu ya kai Bonkuku kafin a gama dama hura. Na san in na shiga ƙauyuka ba zan rasa ba, amma raina ya ɓaci. Ba da yaron nake fushi ba, da kaina nake, don ina zaune a garin nan abin ya ɓace ban lura da ranar da ya tafi ba.

Abin da ya tayar da ni neman nan jikanyata ce, ɗiyar babban ɗana, wadda ke aji na uku a kwaleji. Ta shigo da takardar jarrabawar lissafi a dunƙule cikin hannu, ido ya yi ja. Uku ta samu cikin ashirin. Na ce ta kawo mini littafin aikin gida, na buɗe, sai na ga kowane shafi daidai, babu gyara ko ɗaya. Na ce, "Ke, wa ka yi miki wanga aiki?" Ta ce, "Kaka, salula ta. Hoto nike ɗauka, sai ta ba ni amsa." Ta nuna mini. Gaskiya abin mamaki ne, kafin ka ƙifta ido amsa ta fito har da layukanta. Amma ɗakin jarrabawa ba a shiga da salula, kuma yarinyar nan ta riga ta maimaita aji sau ɗaya. In ta sake faɗuwa a jarrabawar ƙarshen shekara, kora ce. Ban yi mata faɗa ba. Da wane baki zan yi, ni da na taɓa tsayawa daidai inda take tsaye?

Mu a zamaninmu babu abin da ke ba ka amsa in ba mutum ba. Na tashi a wani ɗan ƙauye na ƙasar Kurfai, kudu da Filinge, inda sautin farko da kunne ke ji shi ne na taɓarya, mata biyu ko uku a turmi guda, suna jefa ta sama suna tafi kafin ta dawo. Bayan shi sai kukan igiya a kan icen rijiya, da muryar mai kora bijimin da ke jan guga yana ce masa ya tsaya. Yanzu injin niƙa ya cinye duk wannan, da ka farka shi za ka ji yana tari. Lokacin da aka zo ɗaukar yara lakwal, wato makarantar boko, iyaye da yawa ɓoye nasu suka yi a rumbu. Ni mahaifiyata ce ta tura ni, ta ce tana son mutum ɗaya a gidan wanda zai karanta takarda ba sai an je neman wani ba. Cikin waɗanda muka fara tare, ni kaɗai na haye zuwa kwaleji. Ranar da zan taho gari mahaifiyata ta riƙo hannuna ta sa cikin hannun yayanta, wanda muke kira Kawu, ta juya ta koma bakin murhu.

Kawu ɗan jaki ne, fataucin hatsi yake yi tsakanin kasuwanni, Filinge, Bonkuku, wani lokaci har Sanam. Dogo ne, busasshe, maganarsa kaɗan ce kuma rabinta da jakunansa yake yi. Bai taɓa zama a benci ba, kuma bai ɓoye cewa karatunmu bai cika masa ido ba. "Ɗan lakwal" yake kirana, in ya faɗa kuma sai ka ji kamar sunan wata cuta ne. Kafin in tafi aji sai na shayar da jakuna, na share turke, na kakkaɓe akumari, wato shimfiɗar da ake sa wa jaki a baya kafin a ɗora kaya. Matarsa ta miƙo mini ludayin hura biyu, in kwasa da gudu don kada a rufe ƙofa. Yaran yanzu in ka ce su ɗebo ruwa kafin su tafi sai su ce za su makara. Mu mun ɗebo, mun makara, an duke mu, washegari mun sake.

Ƙarfina duka a hadda yake. Tun a makarantar allo aka san ni da ita, in malam ya biya mini sau biyu ya zauna ke nan. Da wannan na ci firamare. Waƙoƙin Faransanci, sunayen koguna, jadawalin ninkawa, duk na zuba su a kai kamar hatsi a rumbu, in an tambaya in ɗebo. Ina ganin karatu ke nan, babu wani abu bayansa. Sai aljebra ta zo. Malaminmu, wanda muke kira Mushe, wato malam da Faransancinmu, kamar kowane malamin lakwal, mutumin kudu ne, gajere mai tsabta, ba ya jin Hausa sai ta gaisuwa. Ya rubuta wani harafi a tablo, wato allon aji, ya ce sunansa iks, shi ne abin da ba a sani ba, kuma aikinmu mu nemo shi. Ya ce in kana son lamba ta bar wannan gefe, ka ƙetarar da ita wancan, amma in ta ƙetare sai alamarta ta sauya, ta tarawa ta koma ta ɗebewa. Na ɗaga hannu na ce don me take sauyawa? Aji ya fashe da dariya. Mushe ya ce haka doka take, in zauna. Na zauna, amma abin ya tsaya mini a wuya. Lambar da ke tsallaka layi ta rikiɗa, ni a wurina aikin mayu ne, kuma hannuna ya ƙi yarda da shi. Kullum sai in ƙetarar da wadda ba ita ba, ko in manta sauyin, ko in sauya duka don kada in bar wata.

Shekarar farko haka ta tafi, na maimaita aji. A ta biyu na ce sai na nemi taimako. Akwai wani ɗan ajinmu, ɗan ma'aikacin gwamnati, yana da tsohon littafin wansa cike da lissafin da aka riga aka warware. Ya ara mini, Allah ya saka masa, da zuciya ɗaya ya yi. Na kwafe shi tas, sannan na yi abin da na iya, na haddace. Da la'asar sai in zauna gindin aduwar ƙofar gida, ina rangaji gaba da baya, ina rera "iks biyu a tara da uku" da irin muryar da muke tilawa. Matar Kawu ta ɗauka karatun Alƙur'ani nake, har ta ƙara mini hura, tana ce wa maƙwabta yaron nan Allah ya shirye shi. Na shiga jarrabawar tsakiyar shekara ƙirji a buɗe. Mushe kuwa ya kawo tambayoyi masu kama da nawa, amma ya sauya lambobin. Inda na san uku na tarar da bakwai. Na duba, na sake dubawa, sai na rubuta amsar da ke kaina, don ba ni da wata. Biyu na samu cikin ashirin. Daraktan kwaleji ya kira ni ofis ya ce ba a maimaita aji sau biyu. Saura jarrabawa guda, ta ƙarshen shekara, in lissafi ya sake ja ni ƙasa sai in tattara.

Na je gidan Mushe sau ɗaya. Ba mugu ba ne, ya fito ya tsaya da ni a ƙofa, ya sake faɗa mini dokar nan a hankali, sannan ya sake faɗa da ƙarfi. Na ce na gane, don kunya. Ina dawowa na yanke shawara. Damina ta kusa, hauyar babana tana jingine, gara in tafi da ƙafata da a kira sunana gaban mutane a ce an kore ni. Na ƙulle ƴan riguna biyu da littattafai cikin tsumma. Na ce wa Kawu zan raka shi kasuwar Bonkuku tunda akwai hutun kwana biyu. Hanyar tana bi ta mararrabar ƙauyenmu, niyyata in mun kai nan in saki jakuna in yi gida.

Da safe muka yi lodi. Wani maƙwabcin Kawu ya kawo saƙon irin hatsi a kai wa tsohuwarsa da ƙanwarta a wata tunga kusa da Bonkuku. Ƴan jakunkuna biyu ne na fata, ya ɗaure bakin kowace da ƙullin hannunsa, ya ce awonsu ɗaya don kada tsofaffin su yi rigima. Kawu ya sa su duka a aljihun dama na mangalar jakin gaba. Yana da nasa hatsin tiya goma sha takwas da zai hau jakin nan, tiya kuwa ita ce kwanon awon da ake amfani da shi a kasuwanninmu. Ya ce in yi ta zubawa har sai ya ce in tsaya. Na zuba goma sha biyar a hagu, uku a dama bisa jakunkunan. Ya sa tafin hannu ƙarƙashin kowane gefe ya ɗaga kaɗan, ya ja baya ya dubi yadda jakin ya tsaya, ya ce, "Ya zamna." Ba ya ɗaure mangala da igiya. Ya ce kayan da suka zauna ba su son igiya, waɗanda ba su zauna ba kuwa igiya ciwo kawai za ta ji wa jaki.

Muka bi cikin kwari, ga goruba jefi-jefi, ga gonaki an share ana jiran ruwa. Ƙarar kofato cikin rairayi da ɗan sautin da Kawu ke yi da harshe in jaki ya kauce, su ne kawai ake ji. Zuciyata ta yi nauyi, ina ta shirya abin da zan ce wa mahaifiyata. Da hantsi muka tsaya a wata rijiya, sai ga wata Bafulatana da suka saba da Kawu, ta kawo man shanu za su yi musaya da hatsi. Ya ce mini, "Ɗan lakwal, auna mata ukku." Ya juya yana gaisawa da masu shayar da shanu. Ni kuwa na dubi inda ya fi sauƙi, ga tiya uku nan a sama ta dama, na kwashe su tas na zuba mata a ƙwarya. Ban ko miƙe ba na ji mangala ta zame. Gefen hagu ya ja ta ƙasa, akumari ya karkace, jaki ya zabura yana harbi. Ban san tsoho na da irin wannan sauri ba. Kafin hatsi ya zube Kawu ya riga ya sa kafaɗa ya tare, hannu guda ya riƙe kunnen jakin.

"Kai wane irin mutum na!" Haka ya daka mini tsawa, jijiyoyin wuya sun tashi. "Wa ac ce maka ana ɗibar kaya gehe guda? Abin da kaɗ ɗiba nan, shi za ka ɗiba can! Maza ɗebi ukku hagun, kahwaɗata za ta ɓalle!" Na auna uku daga hagu, na juye a kayan jakin baya. Ya saki kafaɗa a hankali, ya gyara akumari. Mangala ta koma ta zauna kamar babu abin da ya faru. Bafulatanar tana ta dariya, ta ce ashe ƴan lakwal ma ana koya musu aiki.

Kunya ta sa na rasa inda zan sa hannuna, sai na kai shi kan ƙullin jakar saƙon, na ce bari in ga ko tiya nawa ne a ciki da har suka ja wannan rigima. Kawu ya buge mini hannu, bugu na gaske.

"Ba a kwance ƙullin wani," in ji shi. "Mai ƙulli shi ka kwancewa, ko wanda anka aika ma."

Na ce, "To Kawu, ƙaƙa za a san abin da ke ciki?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ina gabas. "Kai da ka zuwa lakwal kake tambayata? Ai jaki ya riga ya hwaɗi. Nawa ar rage hagun?"

"Sha biyu."

"Mi ar rage dama?"

"Jaka biyu."

"Kuma mai su ya ce awonsu guda. To?"

Bakina ne ya riga kaina. Na ce, "Shidda shidda."

Ya ce, "To kora jaki mu tahi."

Ban kora ba. Na durƙusa nan bakin rijiya cikin kashin shanu, na sa yatsa a rairayi na rubuta abin da na yi wata da watanni ina rerawa: iks biyu a tara da uku, daidai da goma sha biyar. Na dube shi, na dubi jakin. Ƴan layuka biyun nan na tsakiya da ke nufin daidai, ashe bayan jaki ne. Iks kuma jaka ce mai ƙulli. Ukun nan da ake ce mini tana tsallakawa ta rikiɗa, babu inda ta tsallaka. Ni da hannuna na ɗebe uku a dama, na ɗebe uku a hagu. A dama ta ƙare don haka ba a ganinta, a hagu kuwa ana ganin inda aka ɗebe ta. Iyakar sirrin ke nan. Shekara biyu ina jin tsoron maye, ashe lodin jaki ne. Na ji haushi, na ji daɗi, duka a lokaci guda, har idona ya kawo ruwa.

Rana ta take muka iso mararrabar ƙauyenmu. Daga nan ana hango kan rumbunanmu. Kawu ya tsayar da jakuna, bai dube ni ba, ya ce, "Ga hanyar gidanku. Ƙunshinka na gane shi tun da sahe." Ya ce, "In za ka, ba ni hana ka. Amma uwarka a ƙulle tab ba ni kai. Ban san abin da ke cikinka ba, ban kuma saba aje saƙo rabin hanya ba." Ya yi sautin nan da harshe, jakuna suka ci gaba. Na tsaya da ƙunshina a hannu. Ina son in ce maganarsa ce ta juyo da ni, kuma ta taɓa ni ƙwarai. Amma gaskiya akwai wani abu da ya fi ta ja na. So nake in ga an kwance jakar nan. In shida ce, to abin nan gaskiya ne kuma zan iya shi. In ba shida ba ce, hanyar gida ba za ta gudu ba. Na saɓa ƙunshi na bi su da gudu.

Tsohuwar muka tarar tana sussuka. Ta yi ta sa albarka, ta kwance ƙullin ɗanta da haƙori, ta ɗauko tiyarta. Na tsuguna gabanta ina ƙirgawa da ƙarfi har ta ce yaron nan lafiya yake? Ɗaya, biyu, har shida, sai ɗan abin da bai cika tafi ba ya rage a gindi. Ta biyu ma haka. Na tashi na yi tsalle kamar an ce mini an yi ruwa. Kawu ya ce wa tsohuwar, "Ƙyale shi, Inna, ɗan lakwal na."

Daga ranar na daina rangaji. Makonnin da suka rage, kowace la'asar ina gindin aduwa da tsakuwa da ƙwallon goruba. Goruba ita ce jaka mai ƙulli, tsakuwa tiya, in ja layi a ƙasa ya zama bayan jaki. Kawu yana gefe yana ɗinkin akumari, yana yi kamar ba ya kallo. Sai in karanta tambaya in juya masa ita zuwa kaya. In ce, "Kawu, jaka ukku da tiya biyu dama, jaka guda da tiya goma hagun." Ba ya ko ɗaga kai zai ce, "Sauke jaka guda nan, sauke guda can. Ba sai ka san cikinta ba." In na ce jaka ce aka ɗebe mata huɗu, ya ce, "Maida mata huɗunta, ka ƙara huɗu wancan gehe." In na yi kuskure kuwa ba ya cewa na yi kuskure, cewa yake, "Ka kashe jaki." Na kashe jakuna da yawa a gindin aduwar nan. Amma na ƙi tashi. In tambaya ta ƙi, sai in share ƙasa in sake lodi, sau biyar, sau goma, har matar Kawu ta ce ta fi son lokacin da nake tilawa.

Wata rana muka kai inda jakinsa ya tsaya. Amsa ta fito ƙasa da sifiri. Na yi masa bayani, ya ajiye basilla ya ce, "Jakar da ba ta kai babu ba? Wanga ba kayan jaki ba na. Tahi wurin mushenku, shi aka biya don shi sani." Na koma gidan Mushe, amma wannan karon ba da kunya na je ba. Ran farko aka ce yana hutawa. Ran na biyu ya fita. Na uku na zauna a ƙofar da rana tsaka har ya leƙo ya ga ba ni da niyyar tafiya. Da guntun Faransancina na zana masa jaki a ƙasa, na nuna masa yadda nake yi. Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce shi ma da ma'auni aka koya masa tun yana yaro, amma aji ya yi yawa, lokaci kaɗan, shi ya sa yake ba mu gajeriyar hanya. Ya shiga ya ɗauko kujera biyu. Daga nan duk ranar da na zo ya zauna da ni, kuma abin da jaki bai iya ɗauka ba, shi ya koya mini shi.

Ranar jarrabawa ta zo. Da na ga tambayar farko, tsohuwar hadda ta taso tana raɗa mini amsoshin littafin nan. Na danne ta. Na zana ɗan jaki ƙarami a gefen takardar gwaji, na yi lodi, na shiga saukewa gefe da gefe. Ban gama duka ba, lokaci ya ƙare ina kan ta ƙarshe. Goma sha ɗaya na samu. Ba abin a buga ganga ba ne, amma ya ishe ni in haye, kuma kowace ɗaya a cikinta tawa ce. Na zo da gudu na gaya wa Kawu. Ya ce, "Kaya sun zamna ke nan. Tahi ka shayar da jakkai." Sai daga baya matarsa ta ba ni labari cewa kasuwa uku ya bi yana gaya wa mutane jakinsa ya ci jarrabawar kwaleji.

Na ƙare karatu, na yi aikin koyarwa har ƙarfina ya ƙare, na karanta wa mahaifiyata kowace takarda da ta shigo gidanmu har ta koma ga Allah. Kawu ya rasu ina aiki a nesa. Ban taɓa zama na ce masa na gode ba, don a lokacin ina ganin irin wannan magana ba ta shiga tsakanin maza. Wannan yana damuna har yau, kuma ba na jin zai daina.

Da mangala ta gagara, sai na sa uwargida ta haɗa mini tsofaffin buhunan shinkafa biyu da ɗinki. Ta ƙulle hatsi a tsumma biyu, awo ɗaya, ba ta gaya wa kowa yawansa ba. Salular yarinyar muka sa cikin kwalla aka rufe. Jaki kuwa babu a gidan, sai na shimfiɗa tabarma a inuwa na durƙusa da hannu da gwiwa, na ce a ɗora mini. Jikanyata ta yi dariya har ta faɗi ƙasa, ta ce, "Kaka, wallahi ka yi kama!" Na ce ta yi lodi da gwangwanin awo ta bar surutu. Ta zuba sha ɗaya a hagu, uku a dama bisa ƙullin biyu, kaya suka zauna. Na ce ta ɗebe ukun. Ta kwashe su gefe guda, buhu ya zame ta wuyana, hatsi ya watse, kaji suka taso. Muka tsince, muka sake. A karo na biyu ta ɗebe nan ta ɗebe can, sannan na ji hannunta ya nufi ƙullin.

Na ce, "Ke! Ba a kwance ƙullin wani. Nawa ar rage hagun?"

Ina jin tana ƙirgawa a hankali. Can ta ce, "Takwas... Kaka, huɗu huɗu na?"

Kakarta ta zo ta kwance, ta auna a gabanta. Huɗu, da huɗu. Yarinyar ba ta yi tsalle ba kamar ni. Ta tsaya tana kallon gwangwanin, sannan ta jawo littafinta ta buɗe. Gwiwoyina sun riga sun mutu, bayana kamar an sa wuta, na fara yunƙurin tashi. Sai ta dafa ni ta ce, "Kaka, kak ka tashi. Inna, ƙulla wani."

Na gyara hannuwana a kan tabarma, na ce ta ɗora.